Takarda Mai Harafin R Guda Shida

An yi wa mahaifina tiyata a wani babban asibiti da ke cikin birnin Kano ranar wata Talata a tsakiyar hunturu, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana fama da tsaikon fitsari, irin wanda kumburin furostet yake jawo wa maza idan shekaru sun ja. Ni ne na zauna jinyarsa, domin ni ne babba a cikin 'ya'yansa maza, kuma makarantar sakandaren da nake koyar da lissafi tana hutu a lokacin. Aikin ya yi kyau. A rana ta uku har ya zauna ya sha kunu da kansa, ya kuma yi mini faɗa a kan na bar rediyonsa a gida. Abin da ya rage kawai shi ne robar fitsari da aka saka masa, wadda aka ce za a cire idan wurin aikin ya kama.

A daren kwana na biyar ya fara rawar sanyi. Da farko na ɗauka iskar da ke shigowa ta taga ce, na ƙara masa bargo, amma da na taɓa goshinsa sai na ji kamar garwashi. Nas ɗin da ke aikin dare ta auna zafin jikinsa ta samu 39.4, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ba a ga komai ba, sannan ta haska jakar fitsarin da fitilar wayarta, muka ga ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan wankin shinkafa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ake yi masa allurar seftiriyazon ta jijiya, wadda na sha jin ana cewa tana cikin manyan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba a tsallake ko sau ɗaya ba, tunda ni nake sayowa.

Da safe likitan da ke zagaye ya duba fayil, ya juyo ya tambaye ni irin magungunan da Baba ya sha a gida kafin a kwantar da shi. Na lissafa masa cikin alfahari, irin na ɗan da yake ganin bai yi sakaci da mahaifinsa ba: sifro, wato sifrofloksasin, duk lokacin da ya yi kukan zafin fitsari, Augmentin sau biyu ko uku, Septrin, da Ampiclox idan tari ya kama shi. Ya tambaye ni wanda ya rubuta. Na ce yaron kemis ɗin bakin layinmu ne yake haɗa mana. Ya tambayi kwana nawa yake sha, na ce har ya ji sauƙi, yawanci kwana biyu ko uku. Bai ce mini komai ba, ya dai rubuta abin da na faɗa, sannan ya ce za a ɗebi fitsari da jini a kai ɗakin gwaje-gwaje a shuka, kuma sakamakon ba zai fito ba sai bayan kwana uku.

Na ce, “Likita, ranka ya daɗe, mutumin da ke cikin wannan hali ne zai jira kwana uku?”

Ya ce, “Malam, ba za mu zuba masa ido ba, za mu ƙara masa wata allurar yanzu. Sai dai ka sani lalube muke yi a cikin duhu har takardar nan ta fito.”

Ɗiban samfurin kansa yana da ƙa'idar da ban taɓa sani ba. Nas ta cire tsohuwar robar ta saka sabuwa, ta goge jikin bututun da sifirit, ta zuƙi fitsarin da sirinji daga bututun, ba daga jakar ba, domin wanda ya kwana a jaka ƙwayoyin cuta sun riga sun hayayyafa a cikinsa, zai ba da labarin ƙarya. Jinin kuma an ɗiba kafin a yi masa sabuwar allurar, aka zuba a wasu kwalabe masu ruwa a ciki. Ta gargaɗe ni cewa kada fitsarin ya wuce awa biyu bai isa ɗakin gwaji ba. Haka na tsaya a layin biyan kuɗi da kwalbar fitsarin mahaifina naɗe cikin leda a aljihun rigata, ina duban agogo, ga na'urar karɓar kuɗi tana ta ƙin aiki, har sai da wani bawan Allah da ke gabana ya ji bayanina ya ba ni wurinsa.

A tagar karɓar samfur wata budurwa cikin farar riga ta karanta sunan da ke takardar, ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Malam, ba ka gane ni ba?” Ashe ɗalibata ce da na koyar shekaru tara da suka wuce, yanzu ta zama ma'aikaciyar ɗakin gwaji. Ba ta da ikon shigar da ni ciki, amma ta yi mini alkawarin duk safiya idan na zo za ta nuna mini inda aka kwana ta bayan gilashi. Da ba don ita ba, da kwanakin nan uku sun wuce mini a matsayin jira kawai, kuma da na ci gaba da zargin cewa jan ƙafa ne irin na ma'aikata.

Abin da suke kira shuka, shuka ce ta gaske. Ta nuna mini wasu ƙananan faranti masu murfi, a cikinsu akwai wani abu daskararre mai santsi wanda shi ne abincin ƙwayoyin cuta. Ana ɗibar ɗigon fitsari da wata 'yar waya mai zobe a baki, a ja shi a kan farantin, a rufe, a saka a cikin wani akwati da ke riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum, wato digiri 37, a bar shi ya kwana. Ta ce babu yadda za a yi a gaggauta wannan mataki, domin ƙwayar ba ta ganuwa sai ta hayayyafa ta yi tsibi, kuma babbar fargabarsu ita ce a ɗauke wuta cikin dare akwatin ya huce. Na tambaye ta saurin hayayyafar, ta ce idan ta samu abinci da ɗumi takan rabu biyu cikin abin da bai wuce rabin awa ba. A kan hanyata ta komawa ɗaki na yi lissafin a bayan rasit: rabuwa biyu sau ashirin cikin awa goma, ƙwaya ɗaya ta zama 1,048,576. Na sha ba ɗalibai irin wannan tambaya a aji, ban taɓa kawowa a raina cewa amsar za ta kasance a cikin mafitsarar mahaifina ba.

Washegari farantin ya cika da wasu ƙuraje masu ruwan hoda, masu ƙyalli da yauƙi kamar miyar karkashi. Ta ce yauƙin nan kaɗai ya sa take zargin wata ƙwaya mai suna Klebsiella, amma sai an tabbatar. Ta shafa kaɗan a kan gilashi ta rina shi da wata hanya da wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884, wadda take raba bakteriya gida biyu, masu riƙe launin shunayya da masu sakinsa su ɗauki ja. Na Baba jajaye ne, gajeru kamar guntayen sanda a ƙarƙashin madubin likita, kuma ta ce wannan gidan suna da ƙarin fata a waje wadda magunguna da yawa ba sa iya ratsawa. A ranar ne kuma aka yi shuka ta biyu, wadda ita ce ainihin abin da likita yake jira: aka shimfiɗa ƙwayar a kan sabon faranti gaba ɗaya, aka jera wasu ƙananan fararen takardu masu kama da maɓallin riga a kai, kowacce an jiƙa ta da magani daban.

Waɗannan kwanaki biyu su ne mafi tsanani. Ƙarin allurar da aka yi masa, jentamaisin, ba ta sauke zazzaɓin ba. Ya daina cin abinci, ya fara kirana da sunan ƙanensa da ya rasu tuntuni, hawan jininsa da muka saba fama da shi ya koma faɗuwa, aka ɗaura masa ƙarin ruwa leda bayan leda. 'Yan uwa da suka zo dubiya kowa da shawararsa. Kawu ya ce a ɗauke shi a kai asibitin kuɗi, gwaggo kuma ta zo da kafso mai ja da rawaya a ƙullin mayafinta, ta ce a gidansu shi ake farkewa a barbaɗa a kan ciwo. Maganar da kowa yake maimaitawa ita ce jikin Baba ya saba da magani, ni ma kuma haka na yarda.

Da safiyar rana ta uku ɗalibata ta ɗaga farantin ta bayan gilashi. Ko wanda bai yi boko ba zai iya karanta shi. Ƙwayar ta rufe fuskar farantin kamar ciyawa a gonar da aka yi watsi da ita, kuma a kewayen takardu biyu kaɗai aka samu fili fetal, da'ira mai tsabta inda maganin ya bazu ya hana ta tsiro. Sauran shidan kuwa ta tsiro har jikinsu, ko ta bar ɗan siririn zobe da bai taka kara ya karya ba. Ta ce ana auna faɗin da'irar da rula a milimita, a gwada da wani jadawali, kuma wannan tsari an daidaita shi ne tun 1966 a Amurka, har yau shi ne mafi yawan ɗakunan gwaji a ƙasarmu suke amfani da shi. Takardar da ta miƙo mini tana ɗauke da sunan Klebsiella pneumoniae, a ƙasa kuma jerin magunguna. Gaban Augmentin an rubuta R, haka gaban seftiriyazon, seftazidim, sifrofloksasin, jentamaisin da Septrin. Harafin yana nufin ƙwayar ta bijire wa maganin. Gaban amikasin da merofenem ne kawai aka rubuta S, alamar suna kama ta. Na tsaya a barandar ina ƙirgawa: uku daga cikin shidan su ne waɗanda na shekara biyu ina sayo masa a kemis, biyu kuma su ne ake ɗura masa a jijiya a daidai wannan lokaci.

Na kai wa likitan takardar raina a ɓace, na tambaye shi kai tsaye ko a asibitin nan mahaifina ya ɗauki wannan cuta, tunda da ƙafarsa ya shigo babu zazzaɓi. Bai kauce wa tambayar ba. Ya ce a ƙa'idarsu duk cutar da ta bayyana bayan awa 48 da kwantar da mutum, wadda bai zo da ita ba, ana lissafa ta a matsayin ta asibiti, saboda haka amsar ita ce e, kuma robar fitsarin ce hanyar da ta bi, domin kowace rana da roba ta ƙara a jiki haɗarin yana ƙaruwa. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu mutum 15 cikin kowane 100 da aka kwantar sukan kamu da wata cutar a asibiti, a ƙasashe masu arziki kuma 7. Amma inda ƙwayar ta fito tun asali ba zai iya rantsewa ba, domin Klebsiella tana zama a hanjin mutane masu lafiya ba tare da ta cutar da su ba, tana kuma zama a bakin famfo, da ƙarfen gado, da hannun duk wanda ya taɓa su.

Daga nan ya gyara mini maganar da muke ta yi. Ya ce jikin Baba bai saba da komai ba, ƙwayar ce ta canza. Duk lokacin da aka sha irin waɗannan magunguna, raunanan ƙwayoyi suna mutuwa, har da masu amfani da ke hanji, sai 'yan tsirarun da ke da kariya su samu fili su yaɗu. Wannan ta Baba tana fitar da wani sinadari da suke kira ESBL, wanda yake datse fenisilin da danginsa, har da seftiriyazon, kafin su taɓa ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ya ce bakteriya suna miƙa wa juna wannan kariya a cikin wasu 'yan ƙunshin gado, kamar yadda mutum yake ba abokinsa laƙani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma ƙunshi ɗaya yakan ɗauki kariyar magunguna uku ko huɗu a haɗe, shi ya sa harafin R ya jeru haka. Bai ce laifina ne ba. Ya dai buɗe shafin da ya rubuta jerin magungunan da na lissafa masa, ya bar shi a buɗe a kan gadon yana ci gaba da rubutu.

Tsakanin magunguna biyun da suka rage, amikasin ya fi araha nesa ba kusa ba, amma yana taɓa ƙoda da ji, kuma gwajin jinin ranar ya nuna ƙodar Baba ta fara gajiya. Saboda haka aka tsaya a kan merofenem ta jijiya, duk bayan awa goma sha biyu saboda yanayin ƙodar, na tsawon kwana bakwai daga ranar da aka fara, musamman da sakamakon jini ya fito washegari ya nuna ƙwayar ta shiga jini. Babu shi a kantin maganin asibitin a ranar. Na hau adaidaita sahu na zaga kantuna huɗu kafin na samu, kuma mai harhaɗa magungunan da ya sayar mini ya nuna mini lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, ya ce magani mai tsada irin wannan shi masu jabu suka fi so, kada araha ta ruɗe ni. Kuɗin kwalba goma sha huɗu ya haura albashina na wata, sai da muka yi karo-karo da ƙannena, ɗayansu ya sayar da ragon da yake kiwo.

An mayar da Baba gadon da ke ƙuryar ɗaki, aka ba mu bokitin zubar da fitsari namu na kanmu, aka ce duk wanda zai taɓa shi ko robar ya wanke hannu kafin da bayan. Sai a lokacin na fara kallon ɗakin da wani ido. Famfo ɗaya ne a ƙarshen ɗakin, ba kullum yake kawo ruwa ba. Nas biyu ne suke kwana a kan gadaje kusan talatin, suna tashi daga wannan ciwo zuwa wancan. Mu masu jinya kuwa, saboda zumuncin da kwana a tabarma ɗaya yake haifarwa, mukan taimaki juna juye jakar fitsari a bokiti ɗaya, ni kaina na yi wa maƙwabcinmu haka sau da dama lokacin da ɗansa ya fita sayen abinci. Masu dubiya kuma sukan bi gado-gado suna musabaha da addu'ar samun lafiya, al'ada mai kyau wadda ban taɓa ganin aibunta ba sai a makon nan. Da na miƙa wa Kawu robar sinadarin wanke hannu kafin ya gaisa da Baba, ya dube ni ya ce, “Yau kuma ni ne mai ƙazanta?” Na ba shi haƙuri, na ce umarnin likita ne, ya shafa yana ƙunƙuni.

Bayan allura ta huɗu zazzaɓin ya fara sauka, a rana ta uku ya gane ni ya kira ni da sunana, a ta huɗu ya nemi fura. A nan na roƙi likita ko za a tsaya haka, ganin kuɗin ya kusa ƙarewa. Ya ƙi, ya ce cutar da ta shiga jini ba a sakinta don zazzaɓi ya sauka, ya kuma ambata mini cewa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Kwana biyu bayan haka yayata ta bugo waya ta ce za ta biya a ƙara masa mako guda don a tabbatar, wannan ma ya ƙi, ya ce kwanan da aka ƙara ba tare da buƙata ba shi ma horar da ƙwayar ne, kuma merofenem ba maganin da za a yi wasa da shi ba ne. Na tambaye shi abin da ke gaba da shi idan shi ma ya gaza. Ya ce abin da aka fi samu a nan shi ne kolistin, tsohon magani da aka taɓa ajiyewa saboda illarsa ga ƙoda, aka dawo da shi don babu yadda za a yi. Ɗalibata ta tabbatar mini cewa lokaci-lokaci sukan rubuta R a gaban merofenem ɗin ma. Ita ce kuma ta gaya mini cewa wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne bijirewar bakteriya ga magani ta kashe kai tsaye a duniya a 2019, kuma yankin da abin ya fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma.

An cire robar a rana ta biyar da fara sabuwar allurar, ya yi fitsari da kansa, aka sallame mu bayan kwana goma sha bakwai a maimakon mako ɗaya da aka yi mana alkawari. Likitan ya sa na yi wa takardar sakamakon hoto, ya ce a ajiye ta tare da katin Baba, a nuna ta a duk asibitin da za a sake kwantar da shi, domin ƙwayar tana iya zama a hanjinsa watanni ba tare da wata alama ba. Ya kuma ce idan zafin fitsari ya dawo, a kawo fitsarin gwaji kafin a haɗiyi ko ƙwaya ɗaya.

Ranar da muka koma gida na sauko da baƙar ledar da ke saman kwabar ɗakinsa, na zazzage ta a kan tabarma. Na ƙirga kati tara na maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu ko ɗaya da aka shanye. Na ƙulle su na kai wa mai harhaɗa magungunan nan ya san yadda zai yi da su. A hanyar dawowa na bi ta gaban kemis ɗin bakin layi, yaron ya leƙo ya yi mini barka da sallamar Baba, ya ce idan abin ya sake tashi in yi masa magana, akwai sabon sifro mai ƙarfi da ya shigo.